Mai-Buta a Fadar Magajiya

Ban cika mako biyu da tarewa a Tsaunin Gora ba na ji maganar. Matar ɗana, Murja, ita ta fara tsegunta mini tana tankaɗe, murya ƙasa-ƙasa kamar bangon gidan zai kai rahoto. Wai duk ranar Laraba da hantsi wasu mata kan taru a tsohon siton auduga na bayan tasha, su rufe fuska da faifai, su yi wasan sarauta, wannan ta zama waziri, waccan jakadiya, a yi fada, a yi yaƙi, a yi shari'a. Wai kuma a cikinsu akwai aljana guda ɗaya, ba a san ko wacce ce ba, duk wadda suka haɗa ido da ita sai ta koma gida ba daidai ba.

Na ce ta kawo mini sunan mace ɗaya da ta koma gida ba daidai ba. Ta ce ita dai haka ta ji. Na tambayi mai ƙosan ƙofar gida, ita ma haka ta ji.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, goma sha ɗaya daga ciki ina shugabar makaranta. Na taɓa sa a yashe rijiyar da aka ce tana kuka, aka fito da kwaɗo a cikin fasasshen tulu. Ɗan farina ma da sunansa nake kiransa, Nafi'u, gatsal, don har yau ba wanda ya gaya mini cutar da ke cikin hakan. To, mace irina ba za a ce mata aljana ta koma ta zauna ba. Abin da ban gaya wa Murja ba shi ne kaɗaici ya ishe ni. A can inda na baro, ni ke shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo duk ƙarshen zango. A nan kuwa ni tsohuwar Nafi'u ce kawai, a gaishe ni a wuce. Ina so in ƙaryata zancen, ina kuma so a sa ni a wasan.

Na rubuta wannan ne domin a garin gwajin nan nawa na raba wata baiwar Allah da abu guda da take da shi a duniya, kuma na daɗe ina ba kaina wani dalili wanda ba shi ne dalilin ba.

Ranar Laraba na ɗauki lema da tabarau da ɗan littafin rubutu na tafi. Siton dogon gini ne, rabin kwanonsa ya yaye, awaki kwance a inuwa. Ciki ba komai sai wani ƙaton sikeli na ƙarfe, irin wanda ake auna buhunan auduga a da. Wata mace na zaune a gefensa, doguwa ko a zaune, faifai ɗaure a fuskarta an huda masa ido biyu. Na yi sallama, ta amsa a cike, ta ce ita ce Uwar Sikeli, mai tsaron ƙofa.

"Baƙuwa, hau ki tsaya," in ji ta. "A nan ake sauke sunan waje. Wadda ta wuce sikelin nan ba ta da unguwa, ba ta da sana'a, sai abin da wasa ya ba ta. Kuma ki saurara da kyau: wadda aka kira da sunanta na waje a cikin wasa, ƙofa ta manta da ita har abada."

Na hau. Ta ce in faɗi sunana, na ce Malama Hansatu, tsohuwar shugabar makaranta. Ina rufe baki allurar sikelin ta faɗo da kusan rabi, na ji jikina sakayau kamar an sauke mini tulu. Na rubuta a littafina cewa sikelin ya yi tsatsa.

Ta miƙo mini ƙwarya cike da tsakuwa, ta ce kowace tsakuwa matsayi ce a wasan. Na zaro ɗaya, ta duba, ta ce na zama Mai-Buta, aikina in bi Magajiya, sarauniyar wasan, da butar ruwa duk inda ta sa ƙafa. Na ce ko babu gurbin alƙali ko waziri, don na saba da shugabanci. Ta ce tsakuwa ba ta san abin da na saba ba. Ta ɗaura mini faifai, ta ba ni butar tagulla, ta ɗaga farantin sikelin da hannu ɗaya. Sai ga matakala.

Matakalar taushi gare ta kamar auduga. A ƙasa na tarar da wata mai faifai, gajera, mai rawar kai, ta ce ita ce Jakadiya, an aiko ta ta raka ni birnin Magajiya. Can ma rana ce, amma daga ƙasa take haskowa, inuwar mutum tana bin sa a saman kai kamar lema. Jakadiya ta dubi lemar hannuna ta ce Mai-Buta ta zo da inuwa biyu, ko ɗayar ta sayarwa ce.

Muka shiga wata gonar dawa da ba ta da iyaka. Ta gargaɗe ni cewa karan zai kira ni, in na waiwaya to na tsiro a nan, sai dai a girbe ni da kaka. Ba mu yi taku goma ba na ji muryoyin 'yan mata ta ko'ina, Malama, Malama, muryoyin ɗalibaina, har da ta wata yarinya da na kora kan laifin da daga baya na gano ba ita ta yi ba. Wuyana ya yi ta ja da kansa. Na kafa ido a kan ƙeyar Jakadiya har muka fita. Na ce a raina iska ce a cikin ganye.

Daga nan sai kogi, amma na yashi, yana gudu da ƙugi kamar ruwan Agusta. Wani guza ya taso daga ciki, tsawonsa ya kai motar itace, ya ɗora haɓa a gaɓa.

"Lafiya, ma'abota ƙafa biyu," in ji shi. "Ba na ɗaukar kowa sai ya faɗi abu ɗaya da bai sani ba. Wanda ya san komai nauyi gare shi, nutsewa muke yi."

Jakadiya ta ce ita ba ta san ɗanɗanon gajiya ba, ta haye. Ni kuwa na tsaya ina lalube. Na ce ban san adadin taurari ba. Ya ce wannan ba rashin sanina ba ne, na kowa ne, in kawo nawa. Yashi ya fara cin gaɓar da nake tsaye. Da na ga ƙafata ta soma zurmawa sai na ji bakina ya ce ban san abin da ya sa ɗana yake yi mini magana kamar baƙuwa ba. Guza ya lumshe ido, ya kawo baya, muka haye.

Birnin yana gindin wata itaciya guda, gidajensa kuma tafiya suke yi a hankali kamar kunkuru, suna zagaya ta. Fadar ce kaɗai ke tsaye wuri ɗaya. Na ƙirga masu faifai arba'in, ban da ni. A kan karaga ga Magajiya, ƙaramar mace, alkyabba ta rufe ta har yatsu. Da ta yi magana sai na ji na gyara tsayuwa, ni da na saba a gyara mini.

Wasan nasu labari ne guda da suke ci gaba da shi shekara da shekaru, duk Laraba a ɗora daga inda aka tsaya. Babu rubutu, babu mai tuna wa wani abin da zai faɗa, kowacce tana yin abin da matsayinta zai yi. Ranar an kawo ƙarar wasu biyu da ke rigima kan girgije ɗaya: mai shi ta yi kiwonsa tun yana ɗan ƙarami, ya tashi zubarwa ya zubar a gonar maƙwabciya. Magajiya ta tambayi wacce ce ta yi huɗa kafin ruwan ya sauko. Aka ce maƙwabciyar. Ta yanke cewa amfanin gona na mai huɗa ne, amma duk shekara ta kai wa mai girgije dami ɗaya da godiya a bainar jama'a, don wanda ya yi wahala a ɓoye abin da ya fi ci masa rai shi ne a ci a yi shiru. Na yi shari'ar ɗalibai ta fi dubu, ban taɓa yanke mai kyan wannan ba.

Da azahar ta yi na tsinci kaina a gaban sikeli, sunana ya dawo mini da nauyinsa. A gida na rubuta cewa akwai turaren da ake sa wa wani ganye mai juya kai, ga zafi, ga ƙurar auduga. Mata ne kawai masu dabara. Na ƙudura sai na gane ko da ɗaya daga cikinsu, in kawo wa Murja suna.

Laraba ta biyu aka yi yaƙi. Abokin gabar birnin shi ne Sarkin Ƙishi, ya aiko manzonsa, wata guguwa mai rawani, ta shigo fada tana kwashe tabarmi.

"Ubangidana yana gaishe ki, Magajiya," in ji guguwar. "Ya ce ki ba shi rijiyar birninki kafin inuwa ta juya, ko ya aiko ƙannena dubu su shanye ta har laka."

Magajiya ba ta ko motsa ba.

"Manzo, ka sha hanya," ta ce. "A birnin nan ba a amsa wa baƙo magana sai ya sha ruwa. Mai-Buta, ba shi ruwan maraba, kada ki yi masa rowa."

Nan take na gane nufinta. Na matsa, zanena yana kaɗawa, tsakuwa na dukan faifaina, na tuntsurar da butar a tsakiyarsa. Ruwan butar nan ba ya ƙarewa. Ƙurar ta jiƙe, juyin ya ragu, ya ragu, sai ga manzo ya zama ɗan tulin taɓo da rawani a kai, yana ta ba da haƙuri. Aka kwashe shi a ƙwarya aka mai da wa ubangidansa. Jakadiya ta kama rawa tana cewa ashe tsohuwar nan da ta nemi alƙalanci butar ce daidai ita. Na yi dariyar da rabona da irinta tun mijina yana da rai. Magajiya ta kira ni gabanta, ta ce daga yau Mai-Buta za ta tsaya a damanta. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin yabon nan fiye da takardar da aka ba ni ranar sallama daga aiki.

Laraba ta uku aka yi walimar nasara. Aka jera akusa, aka ce Mai-Buta ta wanke wa Magajiya hannu. Karo na farko ke nan ta fito da hannayenta daga alkyabba. Na zuba ruwa, na duba. Hannu ne da sabulu ya cinye, fatar yatsun ta yi fari ta tsattsage, ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe. Na san hannun nan. Duk Litinin yana miƙo mini kayana a ninke. Yalwa ce, mai wankau, wata gwauruwa da ke zuwa gidan Nafi'u ta yi wanki a bakin rariya, ta ci abin da aka rage a kwano, ta tafi. Da an ce in kwatanta fuskarta a lokacin da ban iya ba, don ban taɓa dubanta sosai ba. Hannun kawai na sani.

Wani daɗi ya taso mini, irin na malamin da ya kama mai satar amsa. Ga shaida a hannuna. Dokar Uwar Sikeli tana cikin kaina sarai, ban manta ba. Na ɗauke ta a cikin kayan tsoratarwa ne, kamar zancen karan dawa. Na miƙe, na ɗaga murya yadda nake yi a taron safe.

"Ashe ke ce, Yalwa? Yalwa mai wankin gidanmu?"

Gidajen birnin suka tsaya cak. Igiyoyin faifai suka tsinke gaba ɗaya, faya-fayen suka zube ƙasa. Na dubi Jakadiya: fuskarta sumul kamar ƙwai, ido biyu a tsaye, ba baki, ban san ta inda take zuba surutun nan ba. Waziri fuskar ruwa ce da ita, na hango tawa a ciki. Wata garwashi, wata gashin tsuntsu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, talatin da tara, babu ɗiyar Adam ko guda. Sai a kan karaga na ga fuskar mutum, 'yar tsohuwa mai zanen Gobirawa a kumatu, tana kallona.

Uwar Sikeli, da na baro a ƙofa, sai ga ta tsaye a tsakar fada.

"Mai-Buta, kin karya doka kina sane," ta ce. "Mu ba ma gajiya, ba ma yunwa, ba a taɓa raina mu ba, saboda haka ba mu iya hukunci ba. Shekara goma sha bakwai wannan baiwar Allah tana yi mana. Amma wasa yana da gyara. Kafin ruwan da kika zuba ya bushe a hannunta, ki durƙusa a gabanta ki ce: ranki ya daɗe, idona ya yi ƙarya, ban san wata Yalwa a nan ba. In kin faɗa, mu ba mu ji komai ba, mu ɗaura faifai mu ci abinci."

Abu mai sauƙi. Na buɗe baki, sai na ji ina jayayya. Na ce ni ban taɓa faɗin abin da na san ba gaskiya ba ne, ba kuma zan fara da furfura ba. Jakadiya ta ce Laraba uku ina amsa sunan Mai-Buta, shi wannan a wace makaranta aka raɗa mini shi. Na ce wannan daban. Aka ce ta ina ya bambanta. Na shiga kawo bayani, da misalai, har da na ɗaya da na biyu.

Yalwa ta miƙo hannayenta gaba, ta dunƙule su kaɗan don kada iska ta taɓa ruwan. Ba da muryar Magajiya ta yi magana ba, da muryar bakin rariya ta yi.

"Hajiya, wasa ne fa. Ki faɗa kawai."

Da ta umarce ni da waccan muryar, wataƙila da na durƙusa. Amma muryar da ke ce mini an gama, a shanya ina, ita na ji. Na dubi ƙasan da zan sa gwiwa, na dubi ƙafafunta masu faso a ƙarƙashin alkyabba. Gwiwata lafiyarta ƙalau, sau biyar a rana nake durƙusawa a kan darduma ba mai ɗaga ni. Na tsaya ina kallon ruwan yana ja da baya daga tafin hannunta, ya koma tsakanin yatsu, ya maƙale a cikin tsagar fatar, can ya ɗan jima, kamar yana jirana. Ya bushe.

Muka tsinci kanmu mu biyu a cikin sito, ga kashin awaki, ga rana ta huda kwano. Alkyabba babu, sai tsohon zanenta na atamfa da ya koɗe. Ta je ta kama farantin sikelin da hannu biyu ta ja. Bai motsa ba. Ta sake ja har jijiyar wuyanta ta fito. Sannan ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce mini a sauka lafiya, ta fita.

Murja ta tambaye ni ko na gano wani abu. Na ce kaina ke ciwo.

Ranar Litinin Yalwa ta zo kamar kullum. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi kwanan jiki, ta ɗebi kaya ta nufi rariya. Na fi sa'a ina kai da kawowa a tsakar gida kafin na iya zuwa na tsaya a kanta. Na fara magana, ta tare ni, ba da fushi ba. Ta ce ba komai, dama ai aro ne. Ta ce abin da ke damunta kawai Sarkin Ƙishi zai dawo, kuma Waziri tana da saurin fushi, a gaya mata kada ta fita bayan ganuwa. Sai ta ɗago farin mayafina daga cikin kumfa ta tambaye ni ko a sa masa bula.

Laraba na koma. Ni ba a kira sunana ba, don haka ƙofa ta buɗe mini. Na ratsa gonar dawa ni kaɗai, ba Jakadiya. Guza ya nemi abin da ban sani ba, na ce ban san yadda ake gyara abin da na yi ba, ya ɗauke ni ba musu. Gidajen birnin suna tsaye inda suka tsaya. A fada na tarar da su zaune, faifai a fuska, ba mai magana, karaga ba kowa. Na je gabanta na zube gwiwa biyu, na ce ranki ya daɗe, idona ya yi ƙarya, ban san wata Yalwa a nan ba. Na faɗa sau uku, da ƙarfi, har da hawaye.

Uwar Sikeli ta bari na gama.

"Kin faɗa daidai, Mai-Buta, ba ki tsallake ko kalma ba," ta ce. "Sai dai durƙusa wa karagar da ba kowa a kai ba shi da wuya. Ajiye butar."

Na ajiye. Ban ƙara komawa ba.

A tsohon siton auduga na Tsaunin Gora ana wasan sarauta ranar Laraba. Aljanun fadar talatin da tara ne, ba ɗaya ba, kuma ba su taɓa kowa ba. Mutum ɗaya ce a cikinsu, Yalwa mai wankau, ta yi sarauta shekara goma sha bakwai. Mace ɗaya ce ta koma gida ba daidai ba, ni na jawo mata. Ba don tsoron ƙarya na ƙi durƙusawa ba. Na ƙi ne don ita ke wanke mini kaya.